Lugude a Ɗakin Takaba

Duk wanda ya san Sa'adatu mai kifi a Madarunfa, da tafiya ya san ta. A Safo aka haife ta, gidan manoma, kuma tun tana ƴar mitsitsiya in an aike ta ɗebo wuta a maƙwabta sai an bi sawunta, don ta riga ta zarce bayan gari kallon masu amalanke. Ta yi lakwal, wato firamare, har ta taka kwalej, ta bari a aji na biyu. Ba kai ne ya ƙi ɗauka ba. Zaman benci tun safe har rana ta take ne ya gagare ta. Uwarta kan ce wannan ɗiya ƙaiƙayi gare ta a tafin ƙafa.

Da aka ɗaura mata aure da Nura, ɗan goggonta Larai, ta tare a Madarunfa, ba ta daɗe a ɗaki ba ta samo sana'ar da za ta riƙa fitar da ita. Da sassafe ta sauka bakin tafki ta tari masunta, ta dawo ta kankare kifi ta soya, ta ɗora tire a ka. Yau tana tasha, gobe tana Ɗan Issa, jibi an gan ta a wani ƙauye da ko sunansa ba kowa ya sani ba. Ko da ta haifi Maryam, goya ta kawai ta yi ta ci gaba.

Nura taubashinta ne tun kafin ya zama mijinta, shi ya sa tsokana ba ta taɓa ƙarewa a ɗakinsu ba. Rumfa gare shi a bakin tasha, yana yi wa mutane sharjin salula, yana tura musu wa'azi da waƙoƙi. A nan ne wani mai saye ya tura masa wasan da ya ɗauke masa hankali a shekararsa ta ƙarshe.

Labarin wani jirgi ne mai girman gari guda, yana yawo tsakanin taurari, mutanensa na barci cikin akwatunan gilashi ana jiran a sauke su a wata duniya. Injinan da aka bar wa tsaron jirgin suka haukace. Mutum ɗaya ne ya farka, kuma mai riƙe da salular shi ke da shi: ya ƙera masa fuska, ya raɗa masa suna, ya zaɓa masa makami, ya bi da shi ɗaki-ɗaki yana faɗa, yana tsintar ƙarafa yana ƙara masa ƙarfi.

Wata rana da la'asar ta dawo daga talla, ko tiren ba ta sauke ba ya ce, "Zo ki ga kanki."

"Kaina kuma? Ina?"

Ya miƙo salular. Wata mace ce tsaye cikin sulken ƙarfe, takobi mai haske a bayanta. A saman kanta an rubuta SA'A.

"Kai dai Allah ya ba ka aikin yi," in ji ta. "Wagga mai kafaɗun ɗan dambe ce ni?"

"Ke ce mana. Ga wushiryar nan. Ga tabon da amalanken Safo ya yi miki a gira, sai da na wuni ina neman irinsa. Baki ne kaɗai ban samu naki ba. Nasu duk a rufe suke."

Ta ɗaga masa matsamin kifi, ya kauce yana dariya.

Tun daga nan kullum sai ya kawo mata rahoto. Yau kin kashe ƙarfe mai ƙafar gizo. Yau kin samu sabon takobi. Ita kuwa ta ce to, tunda ta yi aiki haka, ya biya ta lada. Ba ta taɓa karɓar salular ta gwada ba. Tana da ƙafafunta, me za ta yi da na aro?

Da damina ta kama, rahoton ya tsaya wuri ɗaya. Matar nan ta shiga wani zagayayyen ɗaki na ƙarfe, ƙofar baya ta rufe ruf, ta gaba kuma wani ƙaton inji ne ke tsaronta, mai hannu uku, kowane hannu da kan guduma. Nura ya sa masa suna Maigadi. Ya yi ya yi, Maigadi ya ƙi faɗuwa.

"Kin ga an kulle ki," ya ce mata ran nan yana ɗaure kaya a bayan moto, babur ɗinsa, zai je Maraɗi sayo wayoyin sharji. "Ki yi haƙuri. In na dawo ni zan hitar da ke."

"Ni da ko ubana bai iya kulle ni ba? Ka dai sawo mini yaji."

Kafin azahar aka zo da labari. Babbar mota ce ta buge shi a kan hanyar dawowa, ko shurawa bai yi ba. Yajin na ƙulle a aljihunsa, tare da salular, gilashinta ya tsage a kusurwa ɗaya.

Goggo Larai ce ta shigar da ita takaba, kuma irin ta mutanen da ta shigar da ita. Aka tsefe mata kai, aka ba ta tsohon zane da mayafi. Ba kwalli, ba lalle, ba turare. Goggo ta juya madubi ya fuskanci bango, ta kashe rediyo ta fita da shi, ta damƙa mata wata ƴar wuƙa ta ce ko ban ɗaki za ta, ta riƙe. Murya kuma ƙasa-ƙasa. A gidan gaba ɗaya aka daina duk abin da ke da amon murna. Matan gida in za su yi daka, kowa da turminta, ba haɗa taɓare, ba tafi, ba waƙa.

"Wata huɗu ne da ƴan kwanaki," in ji Goggo. "Mu ma mun yi, ba mu mutu ba."

Kwanakin farko mutane sun cika ɗakin, kuka ya ɗauke mata lokaci. Da aka yi sadakar arba'in sai ƙafa ta ɗauke. Kowa ya koma gona. Ɗakin taga ɗaya gare shi, can sama kusa da rufi, ba a ganin komai ta cikinta sai ɗan yankin gajimare. Ta nan take jin gari: kukan amalanke da safe, muryar mata masu sauka tafki, wata sabuwar mai kifi tana kiran ciniki a layinsu da muryar da ba ta iya jan kira ba. Sa'adatu ta taka daga gado zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa gado, har ƙasa ta yi santsi a wurin. Ƙafafunta suka riƙa yi mata zogi kamar ta wuni a hanya, alhali ba inda ta je. Wani lokaci ta kan ɗora goshi a bango ta tura, ba don komai ba, sai don ta ji ko zai motsa.

Kayan Nura suna cikin akwati a ƙarƙashin gado. Ran da ta buɗe shi don ta duba ko danshi ya taɓa rigunan, salular ta faɗo daga cikin hula. Ta daɗe tana kallonta. Wayar panon da ya kafa a kan rufi, mai kama hasken rana, tana nan a rataye a jikin bango. Ta jona. Abin ya kawo haske.

Abu na farko da ta yi, ta danne sautin har ƙasa. Ɗakin mai takaba ba a jin komai daga cikinsa.

Sannan ta taɓa hoton jirgin. Ga matar nan. A daidai inda Nura ya bar ta, a kusurwar ɗakin ƙarfe, kafaɗunta na hawa suna sauka kamar mai numfashi. Duk kwanakin nan tana tsaye. Da matar ta juyo, Sa'adatu ta ga wushiryar, ta ga tabon gira. Rabonta da ganin fuskarta tun ran da aka juya madubi. Ta kai hannu ta shafa girarta, ta ji tabon na nan.

Ta ɗora yatsa a gilashi, matar ta yi taku biyu. Maigadi ya miƙe. Kafin ta gane me ake ciki guduma ta sauko, matar ta zube, gilashin ya yi ja.

"Innalillahi," in ji Sa'adatu, ta cusa salular ƙarƙashin matashi. Ji ta yi kamar da hannunta ta yi kisa.

Kwana biyu ba ta taɓa ta ba. Da ta sake kunnawa, matar na tsaye a kusurwarta, lafiya lau, tana numfashi. Wannan ya fi ba ta tsoro. Ashe a ɗakin nan ko mutuwa ba ta fitar da mutum. A tashe ka ne a mayar da kai inda kake.

Daga ranar ta ɗaura niyya. Nura ya ce zai fitar da ita, bai samu dawowa ba. To ita za ta cika masa.

Lokacinta ɗaya ne: bayan azahar, in gida ya yi tsit, Maryam ta yi barci, Goggo ta kishingiɗa a inuwar ɗakinta. Sai ta lulluɓa da mayafi ta juya wa ƙofa baya. Ta san dara tun a Safo, inda kowa ke jiran ɗan'uwansa ya aje kafin ya aje. Wannan wasa ba ya jira. In ta tsaya tunani an buge ta, in ta ƙifta ido an buge ta, in ƙuda ya sauka mata a hanci ta kore shi, ta dawo ta iske an gama da ita. Babban yatsan hagu ke tafiya, na dama ke sara da mirginawa. Yatsun da suka saba kankare ƙaya a bayan kifi ba su daɗe ba suka gane hanya.

Da ɗan Faransancin kwalej ta lalubi cikin kayan matar, ta ga abin da Nura ya yi. Ya jibga mata sulke a kan sulke, ya rataya mata takobi mai tsawon mutum, kamar dai yadda yake lafta wa moto kaya har taya ta lotsa. Shi ya sa take tafiya kamar mai ɗauke da buhu. Sa'adatu ta yi dariya ba sauti, dariyar ta juye kuka, ta share ta ci gaba. Ta tuɓe wa matar nauyin, ta bar mata riga mai sauƙi da gajeriyar wuƙa. Ta bi bangon ɗakin tana tsintar guntayen ƙarfe, ta zuba su duka a ƙarfin ƙafa.

Ta fara daɗewa. Har ta kan kai ga jikin Maigadi ta sare shi, jan layin da ke kansa, mai nuna sauran ransa, ya ragu. Amma gudumomin daga sama suke zuwa, daga inda gilashi bai nuna ba, ɗaya ma ta daidai tsagewar nan. Ba ta ganin tashinsu, saukarsu kaɗai take gani. Ran da hadari ya rufe rana kuwa, pano ba ya kawo wuta, sai ta zauna da baƙin gilashi a cinya, su biyu kowa a kulle.

Gero ya yi kai, ya nuna, aka fara yanka. Wata safiya Mainasara, wan Nura, ya yi sallama ya tsaya bayan asabari, don ba ya shiga.

"Sa'a, ina kwana? Ya haƙuri?"

"Da godiya, Yaya."

"To, kaka ta yi. Ran Juma'a malam zai zo a raba gado, kar a bar wa marainiya nauyi a wuyanmu. Ki tattara abin da ke wurinki. Riguna, takalma, duk dai. Da salular."

"Har da ita?"

"Ai ita ba ta yankuwa a raba. Sayarwa za a yi, a sa cikin lissafi. Akwai wani a Ɗan Issa da ke so, shi zai share abin da ke ciki ya canza gilashi. Haƙƙin Maryam ne, kin sani."

Ta sani. Gaskiya ya faɗa, kuma da taushi ya faɗe ta. Me za ta ce? A dakata da rabon gado, akwai wata mata a kulle a cikin jirgin taurari?

Ran nan ko barcin Maryam ba ta jira ya yi nauyi ba. Ta shiga, aka buge ta. Ta sake, aka buge ta. A karo na ban-san-nawa-ba ta kai layin Maigadi inda ba ta taɓa kai shi ba, saura ɗan kaɗan, sai ta ga inuwar guduma a kan matar.

"Kauce! Ke, kauce!"

Muryar talla ce ta fito, wadda ake ji tun daga tasha. Kafin ta rufe baki asabari ya ɗaga, Goggo ta faɗo da taɓarya a hannu.

"Maciji ne? Ina shi?"

Hasken salular na nan a ƙarƙashin mayafi, ba wurin ɓoyewa. Goggo ta sauke taɓaryar a hankali.

"Sa'adatu. Ɗana ko ƙasar kabarinsa ba ta kwanta ba, ke kina nan kina kallon ƴan rawa?"

"Ba rawa ba ce, Goggo."

"To mi ne ne? Aljanu?"

Sa'adatu ta miƙa mata salular. Goggo ta karɓa da yatsa biyu kamar mai ɗaukar kunama, ta kai kusa da ido, ta nisanta, ta sake kusantowa. Idonta ya yi rauni, amma ta ga abin da za ta gani.

"Wagga ai ke ce. Har da tabon."

"Shi ya ƙera ta."

Goggo ta zauna a bakin gado ba tare da ta yi niyya ba. Tun rasuwar ba wanda ya ji ta ba da labarin autanta, Nura. Ta shafa gilashin da babban yatsa, daidai girar.

"Ran da kinka faɗo daga amalanken nan shi ya ɗauko ki," ta ce. "Ya fi ki kuka. Ja'iri." Ta ja hanci. "To mi take yi tsaye kamar an dasa ta?"

Sa'adatu ta faɗa mata duka: ɗakin, ƙofar, Maigadi, alkawarin da ya yi yana ɗaure kaya, da Juma'ar da ke tafe. Sa'adatu ta zaci Goggo za ta fita da salular kamar yadda ta fita da rediyo.

"Ni da na yi tawa takabar," in ji tsohuwar, "gero nike zubewa a faifai in tsince shi ƙwaya-ƙwaya, in na gama in sake zubewa. Ba wanda ya sani." Ta miƙo salular. "Yi in gani. Kuma shi abin ga kurma ne? Ba ya magana?"

"Na kashe sautin. Saboda ɗakin."

"Buɗe kaɗan. Ni ba gani nike sosai ba, sai da kunne."

Sa'adatu ta ɗaga sautin ɗan ƙanƙane. Karo na farko ta ji ɗakin ƙarfen: wani gurnani can ƙasa, takun matar, sannan Maigadi ya tashi. Dum. Dum. Dum. Kafin kowace guduma ta sauko akwai wani ɗan ƙara siriri, kamar ana jan numfashi ta haƙori. Aka buge matar.

"Sake," in ji Goggo. Ta rufe ido, ta karkata kai.

Aka sake bugewa.

"Ke, ɗiyar nan, duk watannin ga da ido kike faɗa da shi? Wanga ai lugude yake yi. Mata uku a turmi ɗaya. Ji. Ta fari, ta biyu, ta uku. Sannan ta fari ta jefa taɓarya sama ta tafa. Nan ne turmi ke zama babu kowa. Nan za ki shiga."

Sa'adatu ta saurara. Yana nan kuwa, a fili, kamar dakan gidan biki. Duk tsawon lokacin nan injin na faɗa mata lokacin da zai buga, ita kuwa ta toshe masa baki don kunyar gida.

Goggo a garin Sarkin Yamma ta tashi, kuma a zamaninta ba a haɗa turmin biki ba a kira ta ba. Ta gyara zama, ta fara buga gwiwarta da yatsu, a hankali yadda ba mai ji a waje. Ranar ba su ci nasara ba, wuta ta ƙare. Washegari ma haka, don in layin Maigadi ya kusa ƙarewa sai ya sauya kiɗa, ya ninka sauri, gurnanin ɗakin ya rufe ɗan bugun gwiwar, Sa'adatu ta rikice. Ran Alhamis hadari ya wuni, ba su samu ko kunnawa ba. Suka zauna su biyu suna kallon tagar nan.

Juma'a ta waye da rana. Sa'adatu ta naɗe rigunan, ta jera takalman, ta bar salular a jone har hantsi. Daga zaure ana jin muryar maza, malam ya iso, ana shimfiɗa tabarmi. Goggo ta shigo ta saki asabari, ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.

"Bisimilla," ta ce.

Ta fari, ta biyu, ta uku, shiga. Sara biyu, mirgina baya. Ta fari, ta biyu, ta uku. Jan layin na raguwa. Gumi ya jiƙe mata yatsu, ta goge a zane tsakanin bugu da bugu. Sai Maigadi ya yi ƙara, ya sauya kiɗa. Bugun gwiwar Goggo ya ɓace a cikin gurnani. Guduma ta shafi matar, rabin ranta ya tafi.

"Goggo, ba na ji!"

Tsohuwar ta dubi ƙofa. Ta dubi madubin da ita da kanta ta juya. Sannan ta ware hannu ta tafa.

Tafi ne na gaske, irin na tsakar gidan biki, mai tsage iska. Kau! Ta bar uku su wuce, kau! Kafaɗunta suka kama da kansu. Matan gida suka saki abin da ke hannunsu. A zaure magana ta tsaya. Sa'adatu ba ta ƙara kallon gudumomin ba, tafin kaɗai take bi. In ya tashi ta shiga, in ya sauka ta fita, kamar yadda ta yi tun tana yarinya a bakin turmin uwarta.

"Inna!" Muryar Mainasara ce daga bayan asabari. "Lahiya? Tafi a ɗakin takaba? Malam na zaure fa, mutane na ji!"

"Ka ce ya ji da kyau!" Kau! "Ni na haifi mamacin, ni na juya madubin ga." Kau! "Kar ka ƙara magana, za ka ɓata mini ƙidaya!"

Hannun farko ya karye ya faɗi. Na biyu. Matar ta yi tsalle ta hau ƙirjin injin ta nutsa wuƙar. Maigadi ya durƙusa, hasken idonsa ya mutu, ɗakin ya yi tsit. Can sai ƙofar gaba ta tsage daga tsakiya, ta buɗe a hankali.

Sa'adatu ta tura yatsa, matar ta taka ta fita.

Ba sararin Allah ba ne. Cikin jirgin ne dai har yanzu, kuma can nesa ana hango wata ƙofar a rufe, wadda ta fi ta baya girma. Amma wuri ne mai faɗi, rufinsa duk gilashi, taurari a zube a kai kamar an watsa gero. A tsakiya akwai ruwa kwance, baƙi, da busassun itatuwa a bakinsa.

"Mi kike gani?" in ji Goggo tana haki, tafukanta sun yi ja.

"Tafki ne, Goggo."

"To kai ta bakinsa."

Ta kai ta. Ta sa ta zagaya ruwan da gudu, ta sake zagayawa, ba don wani abu ba. Sannan ta tsayar da ita tana fuskantar ruwa, ta ɗauke yatsunta. Ta cire wayar sharji, ta naɗe salular a cikin hular Nura, ta ɗora a kan rigunan, ta tura akwatin ta ƙarƙashin asabari.

"Ga shi, Yaya. Duk suna ciki."

Mainasara ya sunkuya. Ya ɗauka ya tafi.

An yi maganar tafin nan a unguwa har aka gaji. Wasu suka ce baƙin ciki ne ya taɓa tsohuwa, wasu suka ce abin kunya ne. Goggo ba ta yi wa kowa bayani ba, kuma ba ta sassauta komai ba: madubi ya ci gaba da kallon bango, wuƙa na hannun Sa'adatu, taga na nan inda take. Sauran makonnin sun fi na baya tsawo, don yanzu bayan azahar ba abin da ke jiranta. Ta kan zauna da hannu a cinya, manyan yatsunta na motsi su kaɗai a kan zane. Da labari ya zo cewa mutumin Ɗan Issa ya karɓi salular ya share ta, Sa'adatu ta juya fuska ga bango ta ƙi cin abinci. Goggo ta aje mata kwanon fura a gabanta, da ƙarfi.

"Sha. Ko sun share ta, a waje sunka iske ta."

Ran da ta fita takaba, aka yi mata wanka da kitso, aka ce ta zaga dangi godiya. Ta ce to. Ta goya Maryam, ta fita ƙofar gida, ta yi hanyar tafki, sai da aka bi sawunta.

Yau tana nan da tirenta, ta karɓe layinta daga hannun sabuwar mai kifi ba tare da faɗa ba, da murya kawai. Salularta ƙarama ce mai madannai, ba ta ɗaukar wasa, kuma ba ta taɓa neman a tura mata shi ba. Ba ta san abin da ke bayan babbar ƙofar can ba. Sai dai in tana wucewa ta ji ana lugude a wani gida, takan rage tafiya, tire a ka, ta bar uku su wuce, sannan ta ɗaga ƙafa.